Na daina ba 'yata magani da sunan bangaskiya, yanzu na kasa addu'a

Maman Rahila:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe a gurup ɗin nan karatu kawai nake yi ban taɓa rubutu ba, amma yau abin ya cika min ciki, ku yi haƙuri da tsawon maganar. Ina da yarinya 'yar shekara 9 mai sikila, ni da babanta duk jininmu AS ne, wato muna ɗauke da sikilar amma ba ta kwantar da mu, lokacin da muka yi aure a ƙauye ba wanda ya ce mu je gwaji. Tun tana wata takwas muke zaryar asibiti. A watan Nuwamba wata maƙwabciyata ta ja ni wani taron kwanan addu'a, ba a cocinmu ba ne, mai wa'azin ya ɗora wa yarinyar hannu ya shafa mata man zaitun a goshi ya ce an gama, jininta ya koma AA irin na marar sikila, kuma in na sake ba ta ƙwaya ko ɗaya to na nuna wa Allah ban yarda da shi ba. Kuɗin adashen da na ɗauka a watan da shi na shuka iri, wato na ba da shi baiko a taron. Da na dawo gida na kwashe folik asid ɗinta da maganin rigakafin zazzaɓi da take sha kullum na ƙulle a leda na jefa a masai, ban gaya wa babanta ba. Sati uku lafiya lau, har na miƙe a zumuntar mata na ba da shaida ana ta guɗa. Sati na huɗu hunturu ya shigo, ƙarfe biyun dare ta farka da ihu, ƙafa da baya, jiki zafi rau, farin idonta ya koma kamar ɗorawa. Kwana 11 muka yi a asibiti, jini leda biyu aka ƙara mata, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya tada ciwon. Akwai daren da ta kama hannuna, ga allurar ƙarin ruwa a nata, ta ce Mama ba kin ce Yesu ya warkar da ni ba? Na juya ina gyara zanen gado don kar ta ga fuskata. An sallame mu tana samun sauƙi, amma ni tun ranar in na durƙusa bakina ba ya buɗewa. Na kira mutumin a waya ya ce shakka ce ta shiga zuciyata shi ya sa ciwon ya dawo. Dan Allah ku gaya min, ni ce ba ni da bangaskiya ko Allah ne bai ji ba? Kuma yaya mutum zai sake dogara bayan irin wannan?

Matar Fasto:
Wayyo 'yar'uwata sannu. Na karanta da hawaye. Sannu da jinya, Ubangiji ya ƙara wa Rahila lafiya. Zan dawo in rubuta miki sosai in na sauke tukunya.

Ɗan Sabon Rai:
Mama sannu ƙwarai. Amma ni dai kada zafin abin ya sa mu rage ikon Allah. Markus 11:24 a fili take, duk abin da kuka roƙa ku gaskata kun samu. Ishaya 53:5 ta ce da raunukansa muka warke, Yakubu 5:15 ta ce addu'ar bangaskiya za ta ceci mara lafiya. Ni da idona na ga wanda likitoci suka sallama aka yi masa addu'a ya tashi yana nan har yau yana noma. Bitrus ma ai yana tafiya kan ruwa lafiya lau sai da ya kalli iska ya fara nitsewa. Ƙila gwaji ne ya zo a sati na huɗun.

Anti Nas:
Ƙanena tsaya nan. Kana nufin da ta bar yarinya a ɗaki da wannan zazzaɓin? Shekara 16 ina aiki a ɗakin yara, kuma ni mai bi ce, ina addu'a kafin in sa wa yaro allura, amma na rufe idon yaran da aka kawo mana a makare saboda irin wannan koyarwar, wasu da kwalbar mai a ɗaure a gefen zanen uwar. Bari in yi bayani kowa ya ji. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 a jiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa jikinsu kullum cikin ƙera sabon jini yake, folik asid ɗin kayan aikin ƙerawar ne. In zazzaɓin sauro ya shiga shi ma jinin yake fasawa, ga sanyi ga ƙarancin ruwa a jiki, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, wannan ne ciwon ƙashin da ya tashe ta da ihu. Sati ukun da ta yi lafiya ba abin mamaki ba ne, masu sikila suna yin watanni ma ba ciwo. Kuma in da gaske jini ya koma AA ai abu ne mai sauƙi, a je lab a gwada, kwana ɗaya sakamako ya fito. Me ya sa bai ce ta je ta gwada ba kafin ta zubar da magani? Yesu da kansa da ya warkar da kutare goma a Luka 17 cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, wato waɗanda aikinsu ne su duba su tabbatar. Warkarwar da ta fito daga Allah ba ta tsoron gwaji.

Ɗan Sabon Rai:
Anti ban ce a bar ta a ɗaki ba fa. Abin da nake tsoro shi ne mu zama masu bi da baki kawai, komai sai likita ya ce.

Anti Nas:
To Luka da ya rubuta bisharar da kake karantawa mene ne aikinsa? Duba Kolosiyawa 4:14.

Baba Dattijo:
'Yata Maman Rahila, ni tsoho ne, jikata ce ta koya min latsa wayar nan, ki yi haƙuri da rubutuna. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga ƙasar Michika. A Satumba 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo mana, mun yi azumi kafin nan, mun yi kwanan addu'a, mata sun yi, matasa sun yi, duk da haka muka hau dutse da ƙafa, ni da matata da buhun da ko rabin kwano na dawa bai cika ba. Ƙarshen Oktoba suka shiga hedikwatar ikilisiyarmu a Kwarhi. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun shekarar, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne. Za ki ce duk ikilisiya guda ba mai bangaskiya ko ɗaya? Na yi wata huɗu ni ma bakina a rufe kamar naki, in aka ce Baba yi mana addu'a sai in ce wani ya yi. Abin da ya buɗe min baki Daniyel 3 ne, aya 17 da 18. Samarin nan uku suka ce wa Nebukadnezzar Allahnmu yana da iko ya cece mu daga tanderun, sa'an nan suka ƙara da cewa ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Shekara da shekaru ina koyar da wannan labarin a makarantar Lahadi, kullum gudu nake in kai wurin da suka fito ko ƙaurin hayaƙi babu, ban taɓa zama a kan ko da bai cece mu ba sai da gidana ya ƙone. Su ba su san ƙarshen labarin ba lokacin da suke maganar. Kuma kin tuna Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, da aka kama a farkon Janairu 2020? A bidiyon da suka sa shi ya yi bai ce lalle zai fito ba. Ya ce in Allah ya yarda zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuma bai samu ba to ƙila nufin Allah ke nan, ya ce bai karaya ba domin kowane hali mutum ya shiga yana hannun Allah. Duniya duka ta yi masa addu'a. Ranar 20 ga watan suka kashe shi. Wa zai buɗe baki ya ce shakka ce ta kashe shi? 'Yata mutumin nan ya ba ki alkawarin da Allah bai yi ba ya sa sunan Allah a kai, da abin ya rushe sai ya ɗora miki laifin. Wanda ya faɗi ƙasa a asibitin nan maganar mutum ce, ki bar ta a ƙasan.

Matar Fasto:
Amin Baba. Allah ya ƙara girma.

Bulus Makanike:
Baba da girmanka, ku yi min haƙuri in faɗi tawa. Ni shekara biyu ke nan ban taka coci ba tun da ƙanena ya rasu, ciwon ƙoda, mun yi azumi har mamanmu ta faɗi a tsakar gida. Wannan ko da bai cece mu ba ɗin shi ne ma yake damuna. In ya warkar a ce Allah ya yi, in bai warkar ba a ce nufinsa ne, to ta ina mutum zai gane ana jin sa? In dai abin da ya ga dama zai yi, me ya sa zan ɓata gwiwata? Ba faɗa nake nema ba, da gaske nake tambaya, don a coci in ka yi irin wannan tambayar sai a fara kallonka kamar ka yi ridda.

Ɗan Sabon Rai:
Ɗan'uwa a kula da harshe, Allah ba abokin wasa ba ne.

Admin:
A bar shi ya yi tambayarsa. Gara ya yi ta a nan cikin 'yan'uwa da ya haɗiye ta shi kaɗai a gareji. Kowa ya amsa da ladabi.

Baba Dattijo:
Ɗana Bulus, Allah ya ba ku haƙurin rashin ƙanenka. Ba ni da amsar da za ta rufe maka wannan ramin, in na ce ina da ita na yi maka ƙarya. Abin da na sani shi ne Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon, zufarsa kamar ɗigon jini, ba a ɗauke ba. Manzo Bulus mai sunanka shi ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, 2 Korintiyawa 12, aka ce masa alherina ya ishe ka. Kenan wanda kake jin haushinsa ya san yadda a'a take a kunne, ya ji ta da kansa. Ni jikokina suna roƙona abubuwa, wani in ba su wani in hana, amma ranar da suka daina zuwa ɗakina gaba ɗaya ita ce za ta fi min ciwo. Ka je masa da haushin naka haka nan yadda yake. Ayuba ya yi, kuma a ƙarshen littafin abokansa masu kare Allah da dogon wa'azi su aka tsawata wa.

Bulus Makanike:
Na ji Baba. Ban ce na gamsu ba amma na ji.

'Yar Wusasa:
Ina so in ƙara wani abu kan tambaya da ake cewa rashin bangaskiya ce. Mu nan Wusasa tarihin da muka tashi muna ji na 'yan Isawa ne, almajiran wani malami a Kano, Malam Ibrahim, da ya yi ta bincike a kan Annabi Isa har abin ya ci ransa, mabiyansa suka watse wasu suka nufi ƙasar Ningi. Shekaru suna riƙe da ɗan abin da suka sani suna jiran ƙarin haske, sai wajen 1913 wasunsu suka haɗu da Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa musu zama a Gimi. Da ba su yi tambaya ba da ba mu nan. To amma ku ji abin da ya biyo baya, ba su daɗe da karɓar bishara ba cutar barci ta shiga Gimi ta kashe mutane da yawa har garin ya tashi. Mutanen da suka bar komai domin Almasihu fa. Waɗanda suka rage ba su ce an yaudare su ba, kuma ba su ce magani haram ne ba, ga asibitin St. Luke nan a Wusasa har yau kusa da tsohuwar majami'ar ƙasa. Shi Miller ɗin likita ne kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, hannu ɗaya allura hannu ɗaya alƙalami. Ban san daga ina wannan sabuwar koyarwar ta zubar da magani ta shigo mana ba, iyayenmu dai ba haka suka karɓa ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne 'yar'uwa. Mu nan Nijar asibitin Galmi tun 1950 mishan ɗin SIM ta buɗe shi, da safe a yi addu'a sannan a shiga tiyata, ba wanda ya ga saɓani a ciki. Ku can kuna da asibitocin Vom da Garkida da Jankwano a Jos. Su waɗanda suka fara SIM ɗin ma su uku suka sauka Legas a 1893, Gowans da Kent suka mutu cikin shekara guda, Bingham kaɗai ya koma gida da zazzaɓi, sai 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi. In da amsar addu'a nan take ita ce ma'aunin bangaskiya to da an ce waɗannan ba su da ita.

Ɗan Sabon Rai:
Na karanta duka. Ni dai har yanzu na gaskata Allah yana warkarwa yau ɗin nan, ba zan janye wannan ba. Amma maganar Anti ta kutare goma ta tsaya min a rai, ban taɓa lura ba. Mama in maganata ta farko ta ƙara miki nauyi ki yafe ni, misalin Bitrus ɗin bai dace da ke ba.

Anti Nas:
Ba wanda ya ce ka janye ƙanena, ni ma na gaskata, na ga yaran da muka cire rai suka tashi. Ishaya da ya kawo wa sarki Hezekiya saƙon ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Ishaya 38:21. Duka biyun daga baki ɗaya suka fito.

Matar Fasto:
Na dawo. Maman Rahila ni abin da na lura a rubutunki ba a taɓa shi ba tukuna. Kin ce ba ki gaya wa babanta ba. Har yanzu bai sani ba ko? Kuma yarinya ta yi miki tambaya ba ki amsa ba, kuma shaidar da kika bayar a zumunta tana nan tana yawo, wata uwar mai ɗa irin naki ƙila ta ji ta tana shirin zubar da nata maganin. Ba don in ƙara miki ciwo nake faɗa ba, yaudararki aka yi kuma ƙauna ce ta kai ki, uwar da ta yi shekara tara tana kwana a benci ko me aka ce mata zai warkar da ɗanta za ta kama. Amma ina ganin abin da ya ɗaure miki baki a gaban Allah har da wannan ɓoyon. Zabura 32 Dawuda ya ce da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace. Muna yawan cewa mu buɗe zuciya ga gaskiyar Allah kamar wani sabon wahayi ne zai sauko daga sama, alhali wani lokaci gaskiyar tana cikin ɗakinmu, ita ce wadda muke kauce wa. Batun addu'a kuma kada ki tilasta wa kanki dogayen kalmomi. Buɗe Zabura 13 ko 88 ki karanta da ƙarfi kamar ke kika rubuta, ta 88 ma har ta ƙare ba inda ta juya ta ce amma na gode, a cikin duhu ta tsaya, kuma Allah ya bar ta a littafinsa. Uban yaron nan na Markus 9:24 cewa ya yi na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, rabi da rabi ya zo, Yesu bai kore shi ba.

'Yar Wusasa:
Mama na yarda da batun maigida da yarinyar, amma ta miƙe a gaban zumunta ta warware shaida? Kin san bakin mata, za a yi ta yi da ita har a kasuwa. Ko shugabar zumunta kawai ta samu a gefe?

Matar Fasto:
Ba lalle sai gobe ba, kuma ba ita kaɗai za ta tsaya ba, shugabar ta tsaya kusa da ita. Amma a gaban mutane aka faɗa, kuma ran yaran wasu ne a ciki. Mutanen Biriya a littafin Ayyukan Manzanni an yabe su ne don sun riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Bulus guda fa, balle wani mai lasifika da ya zo gari ya kwana uku ya wuce. In matanmu suka ji daga bakinta za su koyi tambaya.

Admin:
Tunda an taɓo, matasan gurup masu shirin aure ku je gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, kada ku jira sai an sa rana coci ta nemi takarda. AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan ba zargi ba ne ga Maman Rahila, a lokacinsu ba a sani ba.

Maman Rahila:
'Yan'uwa na gode, kwana biyar ina karantawa ina sake karantawa ban iya amsawa ba. Daren Talata na gaya wa baban Rahila komai har da kuɗin adashen. Bai ce uffan ba, ya sa takalmi ya fita, na zauna a bakin gado ina jin ƙarar babur duk wanda ya wuce in ce shi ne. Wajen ƙarfe tara ya dawo da ledar kemis, maganin wata biyu, ya ajiye a kan tebur ya ce daga yau shi zai riƙa ba ta na safe. Har yanzu bai sake sosai da ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Rahila kuma na zaunar da ita ina mata kitso na ce abin da na gaya miki kwanaki kuskure ne, mutumin ne ya faɗa ba Yesu ba, ni kuma na yarda ban bincika ba, ki yafe ni. Ta ce to Yesu zai warkar da ni? Na ce ban sani ba ko a nan ne ko sai mun je wurinsa, amma za mu ci gaba da roƙonsa kuma za ki ci gaba da shan magani. Ta yi shiru can ta ce in ja kitson a hankali. Mama na gwada Zabura 13, na kai aya ta huɗu na tsaya, biyun ƙarshen masu cewa na dogara ga ƙaunarka ban iya furta su ba tukuna, amma dai bakina ya buɗe. Zumunta kuma na yi magana da shugabarmu, ta ce Alhamis ta sama.

Baba Dattijo:
Aya huɗu ma tafiya ce 'yata. Ni da tsohuwata za mu riƙa karanta miki biyun ƙarshen daga nan har ki iso.

Anti Nas:
Madalla. Ki tambayi likitanta ko ta dace a fara mata haidroksiyuriya, yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama amma sai da gwajin jini a kai a kai, kada ki saya da kanki. Ruwa sosai, gidan sauro, safa da rigar sanyi da asuba har hunturun nan ya wuce. In jikinta ya yi zafi ko da tsakar dare ne kada ki jira gari ya waye.

Ɗan Sabon Rai:
Mama ni AA ne kuma jinina O ne. In an sake neman jini ki sa Admin ya ba ki lambata.

Bulus Makanike:
Wace Zabura ce kuka ce ta ƙare a duhu, 88 ko?

Matar Fasto:
Ita ce Bulus, 88. Aya 18 ce duka.